Kasuwar Shan Hantsi: Nazari Kan Matafiyan Arewacin Turai da Rabon Ƙasar Damagaram

A watan Disamba, idan gari ya waye a Kance, kafin a fita garka, za ka tarar da dattawa sun jeru a jikin katangar da ke fuskantar gabas, kowa ya duƙunƙune cikin mayafi, yara kuma sun kewaye wutar kara suna miƙa tafin hannu. Ba mai motsawa sai rana ta ɗaga ta fara ratsa ƙashi. Wannan zama shi muke kira shan hantsi, kuma ba a taɓa karɓar ko dala a kansa ba. A can ƙuryar arewacin Turai kuwa akwai mutanen da ke tara kuɗi shekara guda cur, su hau jirgin sama su yi tafiyar awa 6 ko 11, don su sami irin wannan hantsin na mako ɗaya ko biyu. Kuɗin da suke kashewa ya gina garuruwa a Sifaniya da Tailan, ya kuma sauya tattalin arzikin wata ƙasa sukutum a nan Afirka ta Yamma. Tunda rana ce hajar, mu kuma muna da ita har ta yi mana yawa, ya kamata mu san yadda kasuwar take, wa ke riƙe da ita, da ko akwai rabonmu a ciki.

Ƙasashen da ake magana su biyar ne: Suwidin, Norwe, Danmak, Finlan da Aisilan. Duka jama'arsu wajen miliyan 28 ne, wato kusan daidai da yawan mutanen Nijar a yau. Ƙanƙantarsu ba ta hana masu otel na duniya rububinsu ba, saboda abubuwa uku sun haɗu a wurinsu waɗanda ba kasafai suke haɗuwa ba.

Na farko duhu ne. A birnin Istokholm, tsakiyar Disamba, hasken yini wajen awa 6 ne kawai. A Turomso, arewacin Norwe, rana ba ta leƙowa ko kaɗan daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Mutum ya fita aiki cikin duhu, ya dawo cikin duhu, wata da watanni. Amma duhun nan tun fil azal yake, kakanninsu sun jure shi ba su je ko'ina ba. Na biyu, wanda ya mayar da ƙishirwar rana ta zama ciniki, shi ne dokar hutu. A Suwidin doka ta ba kowane ma'aikaci hutun mako 2 da albashinsa a 1938, aka ƙara zuwa 3 a 1951, zuwa 4 a 1963, sannan mako 5 daga 1978. Wannan ne ya sa direban bas da malamar asibiti da leburan masana'anta suka zama matafiya, abin da a da sai attajirai. Na uku kuma jirgin shata ne, kuma a nan ne asirin kasuwar yake.

Wanda ya riƙe jirgi

Wani limamin coci ne a ƙauyen Tjæreborg na ƙasar Danmak, Eilif Krogager, ya fara kwasar jama'arsa a bas zuwa Sifaniya a 1950. Abu ya bunƙasa har ya kafa kamfanin jiragen sama na kansa, Sterling, a 1962. Abokin hamayyarsa Simon Spies ya buɗe nasa kamfanin tafiye-tafiye a 1956, shi ma daga baya ya mallaki jirage. A Suwidin jirgin shata na farko ya tashi zuwa tsibirin Mayorka a 1955, kamfanin Vingresor ya kafu a 1956, sannan lokacin Kirsimeti na 1957 jirgi ɗauke da 'yan Suwidin ya sauka a Giran Kanariya, tsibirin da ke daura da gaɓar Afirka amma mallakar Sifaniya. Daga nan aka gane cewa ribar tana cikin watannin sanyi, domin Mayorka da Girka ba su da ɗumi a Janairu, Kanariya kuwa tana da shi.

Ga yadda cinikin yake. Kamfani zai yi shatar jirgi gaba ɗaya na tsawon kaka, ya kama gadajen otel ɗaruruwa tun watanni kafin baƙi su zo, ya haɗa kujerar jirgi da ɗaki da motar ɗauko baƙi da jagora mai jin harshensu, ya sa musu farashi ɗaya. Matafiyi a garinsu yake biya, da kuɗin ƙasarsu, kafin ya ɗaura akwati. Mai otel a kudu ba ya ganin fuskar mai saye a lokacin ciniki, dillali kawai yake gani, dillalin da ke iya cika masa ɗakuna duka ko ya bar su wayam. Duk wanda ya taɓa kai rake kasuwa ya tarar babbar mota ɗaya ce tak ta zo saye, ya san wanda ke yanke farashi a irin wannan rana.

Akwai kalma ɗaya a harshen Norwe da ta fi kowane lissafi bayyana matsayin mai masauki. Suna cewa za su tafi Syden, ma'ana Kudu. Kalmar ba ta nufin wata ƙasa takamaimai. Duk inda akwai rana da rairayin bakin teku da wurin ninƙaya da abin sha mai sanyi, sunansa ke nan, ko Kirit ce ta Girka, ko Hurgada ta Masar, ko Fuket ta Tailan. A ganina wannan shi ne babban abin da ya kamata mai nazari ya riƙe. Idan mai saye bai damu da sunan garinka ba, to kowane gari mai rana kishiyarka ne, kuma ranar da aka ji ƙarar bindiga a wurinka, jirgin zai juya zuwa maƙwabcinka cikin mako guda. Haka aka yi wa Masar a 2011, haka aka yi wa Tunisiya bayan harin Susa na Yunin 2015 da ya kashe mutum 38.

Ba a ce ba sa sabo da wuri ba. A Arginegin da ke kudancin Giran Kanariya 'yan Norwe sun yi zaman dirshan, suna da makarantarsu da cocinsu, tsofaffinsu na cinye damina da rani a can. Tailan ma ta shiga ransu sosai, shaidar hakan mai ɗaci ce: igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta kashe 'yan Suwidin 543, 'yan Finlan 179, 'yan Norwe 84 da 'yan Danmak 46, mafi yawansu masu hutun Kirsimeti. Sai dai irin wannan sabon yana ginuwa ne bayan shekaru da yawa na jirgi kai tsaye da asibiti mai kyau da kwanciyar hankali.

Abin da ya sami Gambiya

Misalin da ya fi kusa da mu Gambiya ce, kuma kusancin ya wuce yadda ake zato. Birnin Banjul da garin Kance suna kan layi ɗaya a taswira, wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Tsayin ranar da ke kan Banjul a Janairu shi ne tsayin wadda ke kanmu, tsawon yini ɗaya ne, iskar hunturun da ke busar da leɓɓanmu ita ce ke isa can.

A 1965, shekarar da Gambiya ta sami 'yancin kai, wani ɗan kasuwar Suwidin mai suna Bertil Harding ya fara kai 'yan ƙasarsu can tare da kamfanin Vingresor. Mutum 300 ne a kakar farko. Zuwa 1976 baƙi sun kai 25,000 a shekara. Abin da ya gani a fili yake: teku mai tsabta, rana tabbatacciya daga Nuwamba zuwa Afrilu, jama'a masu jin Ingilishi, ƙasa lafiya lau. Har yau babban titin da ya ratsa unguwannin otel-otel na bakin teku sunansa yake ɗauke da shi. Otel suka tashi a Bakau da Kotu da Kololi, yawon buɗe ido ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan samun kuɗin waje, dubban iyalai suka dogara da shi: masu dafa abinci, direbobin tasi, mata masu sayar da 'ya'yan itace a bakin ruwa, masassaƙa, marina. Wannan alheri ne na gaske, bai kamata a raina shi ba.

Amma a dubi abin da ya biyo baya. Bayan juyin mulkin Yahya Jammeh na 22 ga Yuli 1994, gwamnatin Birtaniya ta gargaɗi 'yan ƙasarta a watan Nuwamba, kamfanoni suka janye a farkon kaka, aka sallami ma'aikatan otel. A 2014 cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Saliyo da Laberiya. Ba a sami ko mutum ɗaya da ita a Gambiya ba, amma baƙi suka ƙaurace, don a idon mai saye daga nesa Afirka ta Yamma duk gari ɗaya ce. A Janairun 2017, da Jammeh ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe, jirage suka zo suka kwashe baƙi a tsakiyar kaka. Sai kuma 23 ga Satumba 2019, kamfanin Thomas Cook na Ingila, wanda a lokacin shi ne uwar Ving (wato Vingresor) da Spies da Tjäreborg na Krogager, kuma mai kawo kaso mai tsoka na baƙin Gambiya, ya durƙushe ana saura makonni a buɗe kaka. Reshensa na arewacin Turai bai yi wata biyu a ƙasa ba, attajirin Norwe Petter Stordalen da abokan jarinsa suka saye shi, ya ci gaba da tashi. Mai dafa abinci a Kololi ba wanda ya saye bashinsa. Watanni kaɗan bayan haka annobar korona ta rufe komai.

Sau biyar ke nan cikin shekara 26, kuma a mafi yawansu ba wani abu da ma'aikacin otel ya yi ko ya bari.

Akwai kuma batun yoyon kuɗi, wanda ya fi tsanani da zuwan tsarin biya-ɗaya-ci-duka. Baƙo na isa otel za a ɗaura masa wani zobe na roba a wuyan hannu. Da wannan zoben zai ci, ya sha, ya yi wasa, ba tare da ya ciro ko sisi ba, domin ya riga ya biya a gida. To me zai fitar da shi waje? Mai gidan abinci na bakin titi yana kallon katanga, baƙi na ciki, shi yana waje. Gwamnatin Gambiya ta hana wannan tsari a 1999, amma hanin bai daɗe ba aka ɗage shi saboda matsin kamfanoni. Ƙasa mai cikakken 'yanci ta gwada kare ƙananan 'yan kasuwarta, masu jirgi suka fi ta ƙarfi. Samarin da ba su sami aiki a cikin katanga ba su ne suka koma bin baƙi a bakin teku, wasu da neman abota, wasu da neman auren da zai kai su Turai, abin da ya daɗe yana damun iyaye da malamai a ƙasar.

Namu gwajin

Nijar ba ta da teku, saboda haka kasuwar Syden ba ta taɓa shigowa nan ba. Abin da muka samu wani reshe ne dabam na matafiyan lokacin sanyi, masu son sahara, galibinsu Faransawa da Jamusawa da Italiyawa, kuma Agadas ce ta karɓe su. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar ya riƙa ratsa garin a shekarun 1980, wani ɗan yankin mai suna Mano Dayak ya kafa kamfanin Temet Voyages ya sa sunan Abzin da Tenere a bakin Turawa, a 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin kayan gadon duniya. Tawayen Abzinawa na farko ya tsayar da harkar. Bayan sulhun 1995 kamfanin Point-Afrique ya fara kawo jiragen shata kai tsaye daga Faransa zuwa Agadas, maƙeran azurfa da direbobi da masu raƙuma suka farfaɗo, har aka sami samari masu tare baƙi da kayan sayarwa, waɗanda ake kira shas-turis, wato mafarautan baƙi. Ko a ganiyar abin, baƙin 'yan dubbai ne a kaka.

Ƙarshensa sananne ne. A Janairun 2000 masu tseren Dakar suka soke zangunan Nijar saboda barazana, suka kwashe motocinsu ta sama daga Yamai zuwa Libiya. Tawaye na biyu ya fara a Fabrairun 2007 da hari a Iferwan, jirage suka daina zuwa. A Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit. Lokacin da UNESCO ta karrama tsohon garin Agadas a 2013, masu zuwa kallonsa sun riga sun watse, direbobi da yawa da suka san hanyoyin sahara sun koma jigilar bakin haure zuwa Libiya. Harin Kure na 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin kallon raƙuman dawa, ya rufe abin da ya rage a kudu. Darasin ɗaya ne da na Gambiya, sai dai namu ya fi tsanani, domin Gambiya tana komawa bayan kowace faɗuwa, Agadas kuwa har yanzu tana jira.

Ban rubuta wannan don in kashe wa kowa gwiwa ba. Dalilina na damuwa da batun a ƙofar gida yake. Gundumar Kance, mai mutane kusan 400,000 a ƙidayar 2012, tana cikin wuraren da suka fi cunkoso a jihar Damagaram. Gonaki sun tsuke, gado ya rarraba su har wani ba ya noma abin da zai kai shi wata huɗu. Daga nan ne mata da yara ke kama hanyar Aljeriya. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a sahara kusa da iyakar, 52 yara, 33 mata, 7 maza, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma mafi yawansu mutanen wannan yanki ne. Ranar da wasu ke biyan kuɗi su kwanta a ƙarƙashinta ita ce ta ƙone 'ya'yanmu. Wurin da ke cikin irin wannan hali yana buƙatar aikin yi da gaggawa, kuma gaggawa ce ke sa a karɓi kowane shiri da aka zo da shi a takarda. Shi ya sa nake ganin wajibi ne a faɗi gaskiya: jirgin shata daga Oslo ko Istokholm ba zai sauka a Damagaram don rana ba, kuma duk kuɗin da aka zuba da wannan fata asara ne.

Kasuwar ma kanta tana sauya fata. Tun 2018 aka fara maganar kunyar hawa jirgi a Suwidin saboda ɗumamar yanayi, faɗuwar darajar kuɗin Suwidin da na Norwe a 2023 ta sa tafiya ta yi tsada, mazauna tsibiran Kanariya kuma suka fito zanga-zanga a Afrilun 2024 kan tsadar gidaje da ƙarancin ruwa da yawan baƙi ya jawo. Waɗanda suka fi kowa cin moriyar kasuwar ke nan suke kuka da ita.

Abin lura shi ne mutanen arewacin Turai sun daɗe suna zuwa ƙasashenmu, amma da wata niyya. 'Yan mishan na Danmak sun sauka a Numan ta Adamawa tun 1913. Ƙasar Danmak ta shafe shekaru tana tallafa wa aikin ruwan sha a jihohin Damagaram da Diffa. Gidauniyar Eden, wadda 'yan Suwidin da Norwe suka kafa, tana aiki a ƙasar Tanut tun ƙarshen shekarun 1980 kan shuka itatuwan daji masu ba da abinci, irin su anza. Waɗannan sun zauna, wasunsu sun iya Hausa. Ba rana ta kawo su ba, wani abu ne da ke nan wanda babu shi a wani wuri.

Irin wannan abu muna da shi, kuma a gonakinmu yake. Manoman Matameye da Magarya da Mirya sun yi suna a wurin masana na duniya saboda yadda suka bar gawo ya sake tsirowa a gonaki, suna sassabe suna ƙyale 'ya'yan itace, har ƙasar da ta yi fayau a shekarun fari ta koma inuwa. Wanda ya bi hanyar Takeita zuwa Matameye a watan Janairu zai gani da idonsa: ko'ina ya bushe, karan gero a kwance, amma gawo ya yi kore shar, awaki na tsintar 'ya'yansa a ƙasa, can a kwari kuma garake cike da rake da kabeji da tumatir. Ɗalibin aikin gona daga Kano ko Wagadugu ko Kofanhagen da ya zo koyon wannan ba zai iya musanya Matameye da Fuket ba. Baƙi ne kaɗan, amma suna daɗewa, suna cin abincin gari, kuma kuɗinsu a hannun mai masauki yake faɗawa.

Sannan ga babbar kasuwar da muke tsallakewa saboda ba fara ba ce. Kance tana kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi Daura da Kwangwalam ta nufi Damagaram. Jihar Kano kaɗai ta fi Suwidin yawan jama'a. Mutanenta ba sa neman rana, suna gudunta ne ma, amma suna tafiya: zumunci, biki, ziyarar malamai, kallon hawan Sallah, fatauci. Ba sa buƙatar tafinta, ba sa jiran sanarwar ofishin jakadanci kafin su taso. Wanda ya ga yadda gari ke cika idan gasar kokawa ta Takobi, wadda ake yi tun 1975, ta zo jiharsa, ya san cewa 'yan gida ma suna kama ɗaki, suna sayen abinci da tsaraba. Fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni, hawan ƙaho, aikin dukawa da majema, fadar Sarkin Kance, duk suna kan layi ɗaya da rijiyar Kusugu ta Daura, tafiyar yini guda a mota. Abin da ke kashe wannan kasuwa shi ne rufe iyaka, kamar yadda aka gani daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan Yulin 2023, sai yawan shingaye a hanya da rashin masauki mai tsabta da magidanci zai iya sauka da iyalinsa.

Kirana ga hukumomin jihar Damagaram da na Kance da Matameye da sarakunanmu shi ne, in za a ware wani abu don baƙi, a fara da waɗannan: masauki mai ruwa da makewayi a kan hanyar Kwangwalam, samari 'yan gari da aka koya wa tarihin fada da aikin gawo don su yi jagora da Hausa, da zama da hukumomin Daura da Katsina kan sauƙaƙa wa matafiyi ƙetare iyaka. Hunturu mai zuwa ma ana iya farawa.